Ƙuma a Jikin Kare, Zuriyarsa a Ƙasa

A karkarar arewacin Kano, daga Minjibir da Ɗambatta zuwa Makoɗa, Kunchi, Bichi da Tsanyawa, ba a ajiye kare don ado. Aiki ake ba shi. Wani yana kwana a bakin turke yana gadin awaki da tumaki, wani yana tsaron lambu a fadama, wani kuma na mafarauta ne, yana jiran a gama girbi a shiga dawa. Idan aka ga kare yana ta susa har gashin gindin wutsiyarsa ya zube, ya rame, ya daina kuzarin haushi da dare, to asara ce ta sami gidan. Abin da ya fi jawo wannan susa shi ne ƙuma, kuma ƙorafin masu karnuka kusan bakinsu ɗaya ne: "Na yi masa wanka da magani, sun zube, bayan sati biyu sun dawo."

Dawowar nan ba kullum take nufin an sayi jabun magani ba. Asalinta yana cikin yadda ƙwaron yake rayuwa. Ƙuman da ake gani yana gudu cikin gashin kare babba ne da ya gama girma, kuma irinsa ne mafi ƙaranci a cikin rundunar. Masana suna ƙiyasta cewa manyan da ke jikin dabba ba su wuce kashi 5 cikin 100 na ƙuman da ke gida ba. Sauran suna ƙasa, wasu ƙwai ne, wasu tsutsa, wasu kuma suna naɗe cikin ɗan gidan da suka saƙa wa kansu. Macen ƙuma takan fara ƙwai kwana ɗaya ko biyu bayan ta fara shan jini, kuma tana iya yin 40 zuwa 50 a rana guda. Ƙwan fari ne, sumul, ba ya manne wa gashi. Kare na girgiza jiki ko ya miƙe daga kwanciya, sai ya zube a inda yake. Cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe, wata siririyar tsutsa mai gudun haske ta fito ta nutse cikin turɓaya, ko tsagar daɓe, ko ƙarƙashin tsumma. Abincinta kashin manyan ƙuma ne, wato busasshen jinin da yake zubowa daga jikin karen tare da ƙwan. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ta saƙa gida, ƙura ta lulluɓe shi, ta yi lamo a ciki.

A wannan mataki na ƙarshe ne wahalar take. Feshi ba ya ratsa saƙar sosai, kuma ƙwaron da ke ciki yana iya jira na watanni har sai ya ji ɗumin jiki, ko numfashi, ko takun mai wucewa. Idan yanayi ya yi masa daɗi, daga ƙwai zuwa babba mako biyu zuwa uku ne kacal. Mai kashe na jikin kare ya bar na ƙasa, kamar manomin da ya sare kan ciyawa ne bayan ta riga ta zubar da iri. Wannan ne ma ya sa bayan Babbar Sallah, idan aka sayar da raguna ɗakinsu ya zauna wayam na ɗan lokaci, duk wanda ya fara leƙawa sai ya fito ƙafafunsa baƙi ƙirin da ƙuma. Yunwa ce ta tashe su gaba ɗaya, ba su sami rago ba suka kama mutum.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi ƙamari a wannan yanki. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarinta tun shekarun 1960, ya nuna yadda manomanta suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba, saboda takin dabbobi da tokar gida da ake kai mata. Gona tana manne da gona, babu makiyayar kirki. Da an yi shuka sai a ɗaure awaki da tumaki a turke, a riƙa yanko musu ciyawa har kaka. Kashi da fitsari da ragowar ciyawa suna taruwa a ƙarƙashinsu wata da watanni, kuma da gangan ake barinsu, don su ne takin da jaki zai kwashe a mangala kafin damina ta gaba. Hikima ce da ta ciyar da al'umma tun kaka da kakanni. Sai dai wurin da ya haɗa inuwa da danshi da ɗumi da dabba a kwance, shi ne ainihin abin da tsutsar ƙuma take nema. Karen gadi kuwa a nan yake kwana.

Nau'in ƙuman da ya fi yawa a jikin karnuka a duniya, wanda a littattafan likitocin dabbobi ake jingina shi ga kyanwa, ba ya zaɓen jini. Yana hawa kare, ya hau kyanwa, ya hau akuya da tunkiya da ɗan maraƙi, ya ciji mutum. Ga kuma na kaji, wanda shi ba ya yawo, kafa bakinsa yake yi ya manne a gefen ido da tukku, kuma yakan yi dandazo a bakin kunnen karen da ke kwana kusa da akurki. Ke nan a gidan ƙauye ba a raba ƙuman kare da na turke da na akurki. A tsakar gida ɗaya suke zaune.

Yanayi ma yana da nasa hannun. Tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa. Idan laimar iska ta yi ƙasa da kashi 50 cikin 100, ko zafi ya haura maki 35, mutuwa take yi. A buɗaɗɗen fili, hunturun Kano da zafin bazara sun isa su gama da ita. Amma ba a buɗaɗɗen fili take ba. Tana gindin randa inda ruwa ke ɗiga, tana ƙarƙashin rumbu, tana bayan makewayi, tana cikin jiƙaƙƙen takin turke. Waɗannan kuwa su ne wuraren da kare ke tonawa ya kwanta idan rana ta take a watan Afrilu. A nan ragowar ƙuma ke ɓuya har ruwa ya sauka a Yuni, daga nan zuwa ƙarshen Satumba da farkon kaka su cika gida.

Cutarwar ta wuce ƙaiƙayi. Macen ƙuma tana shan jinin da ya ninka nauyin jikinta sau da yawa a kowace rana. Babban kare yana iya ɗauka, amma kwikwiyo ɗan wata guda da ɗaruruwa suka taru a kansa jininsa ƙarewa yake yi. A ɗaga leɓensa a dubi dasashi, idan ya yi fari fat maimakon ja-ja, yana cikin haɗari. Haka take faruwa da 'yan awaki da 'yan tumaki, kuma wannan sananne ne ga likitocin dabbobi a Najeriya. Sau da yawa a ce iska ce ko sanyi ya kashe ɗan akuya, alhali da an buɗa gashin cikinsa da an ga sanadin. Wasu karnukan kuma jikinsu ba ya jituwa da yawun ƙuma sam, cizo kaɗan ya ishe su su yi ta gartsar kansu har gadon baya da cinyoyi su zama gyambo. Irin wannan kare ana iya duba shi ba a ga ƙuma ko ɗaya ba, don ya lashe su ya haɗiye.

Haɗiyewar nan ma wata ƙofa ce. Akwai tsutsar ciki mai faɗi da ke girma a cikin jikin ƙuma, kare ya haɗiye shi ta koma hanjinsa. Ana gane ta da wasu fararen gutsattsari kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa ko a gindin wutsiya. Yaro mai rarrafe da ke wasa a inda kare ke kwana yana iya haɗiyar ƙuma shi ma ya kamu, ko da yake ba kasafai ba. Maganinta praziquantel, amma muddin ƙuma yana nan za ta sake dawowa. Cizon da yara ke tashi da shi a idon sawu da ƙwauri bayan sun kwana a tabarma, su sosa ya zama ƙurji, shi ne abin da iyaye mata suka fi gani. Akwai kuma tsohon tarihi mai nauyi. A 1898 likitan Faransa Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙuma ne ke ɗaukar annobar nan mai kumbura kaluluwa daga ɓera zuwa mutum, wadda ta addabi Legas daga 1924 na tsawon shekaru, ta kuma sake ɓarkewa a Madagaska a 2017. Wancan ƙuman ɓera ne, ba na kare ba, kuma ba don tsoratarwa na kawo shi ba. Gidan da ke da rumbu yana da ɓeraye, hana su zama kuma wani ɓangare ne na wannan aiki.

Kafin a sayi magani sai a tabbata da wa ake faɗa, don abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Kaska, raɓi mai jini, manne take a wuri ɗaya, galibi a kunne da wuya da tsakanin yatsu, tana kumbura, kuma tana sa wa kare zazzaɓi mai cinye jini. Ƙazwa ƙwaronta ba ya ganuwa da ido, fata ce take kauri ta yi ɓawo, musamman a gefen kunne da gwiwar hannu. Ƙuma kuwa ɗan ƙarami ne, launin ƙasa mai duhu, a matse yake ta gefe, da sauri yake ɓacewa cikin gashi. Idan ba a gan shi ba, a tsayar da karen a kan farin ƙyalle mai danshi a goge bayansa. Baƙin garin da ya zubo, idan ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne.

Yanzu ga inda na fi damuwa. Abin da ya fi kusa da hannun manomi shi ne maganin gona, kuma shi ake fara ɗaukowa. A zuba fiya-fiya a bokiti a tsoma kare. A ɗebo ragowar maganin feshin wake a shafa masa a baya. Wani ya shafa kananzir, wani baƙin mai. Tsofaffi har yanzu suna ambaton gamalin, wanda sinadarinsa ya shiga jerin gubobin da aka haramta a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm a 2009. Fiya-fiya da Sniper sinadarinsu ɗaya ne, dichlorvos, guba ce mai kama jijiya, tana ratsa fata, ta kare da ta mai yi masa wankan. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da shaguna saboda rayukan da aka rasa. Karen da aka yi wa wanka da irin wannan yakan lashi jikinsa, sannan yara su shafa shi, ruwan wankan kuma ya gangara inda kaji ke sha. Alamomin gubar su ne dalalar miyau, amai, gudawa, karkarwa, da tangaɗi. Wanda ya ga kare yana dalala yana tangaɗi a ƙauye, abin da zai fara zuwa masa shi ne haukan kare, kuma kafin a yi bincike an rufe shi da sanduna. Idan alamomin sun biyo bayan shafa magani ne, a sa leda ko safar hannu a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a nemi likitan dabbobi da gaggawa, akwai allurar da ke karya wannan guba. Kananzir da baƙin mai kuwa ƙona fata suke yi, su lalata ciki idan an lasa. Duk da wannan kasada, ko ƙwai ɗaya na ƙasa ba a taɓa ba.

Akwai kuskure na biyu da ya fi kama da ilimi. Allurar ivermectin ta zama ruwan dare a kasuwannin dabbobi irin ta Ɗambatta, har wasu sun ɗauka maganin kowane ƙwaro ce. Tana aiki a kan ƙazwa da wasu tsutsotsin ciki, amma ba abin dogaro ba ce a kan ƙuma, kuma idan ta yi yawa tana makantar da kwikwiyo ko ta kashe shi. Amitraz da ake wanke shanu da shi na kaska da ƙazwa ne, kuma yana da haɗari ga doki da jaki da kyanwa. Magungunan da ke ɗauke da permethrin suna yi wa kare aiki, amma kyanwar da ta lashe shi ko aka ɗiga mata tana iya mutuwa.

Magungunan da aka yi domin wannan aiki suna nan. Tun shekarun 1990 aka fito da masu ɗigawa a doron wuya, tsakanin kafaɗu inda harshe ba ya kaiwa, irin su fipronil da aka fi sani da Frontline, da imidacloprid. A buɗa gashi a ɗiga a kan fata, kada a yi wa karen wanka na kwana biyu, kuma aikinsu kusan wata guda ne. Daga 2013 aka sami na taunawa, kamar NexGard na wata-wata, da Bravecto da ya biyo baya a 2014, mai kai mako 12. Waɗannan suna shiga jini, duk ƙuman da ya ciji karen zai mutu kafin ya yi ƙwan kirki, suna kuma kashe kaska. Ta haka karen da kansa yake share gidan a hankali, don duk wanda ya fito daga ƙasa ya hau shi ba ya barin baya. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan rukuni yana iya jawo karkarwa ko farfaɗiya ga wasu karnuka ƙalilan, saboda haka karen da ya taɓa faɗuwa sai da shawarar likita. Dukkansu da nauyin kare ake auna su, kuma yawancinsu ba a ba kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Sharaɗin da aka fi karyawa shi ne naci. Sai an jera aƙalla wata uku ba tsallake, don a ƙure waɗanda ke naɗe a ƙasa.

Gaskiya ce cewa waɗannan magunguna daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma a birni aka fi samun su. Mafarauci mai karnuka biyar da ya san darajarsu zai iya ganin ribar sayen su. Magidancin da ke lissafin kuɗin taki da na makaranta da wuya. Amma rabin aikin, wataƙila ma fiye, ba ya buƙatar kantin magani.

Wankan sabulu kaɗai, ko da sabulun salo ne, yana kashe manyan ƙuma idan aka bar kumfar ta jima kamar minti 10 a jiki. A fara da zagaye wuya da kumfa don kada su gudu zuwa fuska. Ba ya hana sababbi hawa, don haka sai an maimaita duk mako. Ga jariran karnuka, mataji mai ƙananan haƙora da kwanon ruwan sabulu a gefe ya fi komai aminci, a kuma tsane su da wuri kada sanyi ya kama su. Masu mannewa a bakin kunnen kare da fuskar kaji, a shafa musu man basilin, su shaƙe su saki. Ruwan ganyen darbejiya da toka da mutane suka saba da su suna iya rage su kaɗan, kuma sun fi fiya-fiya aminci nesa ba kusa ba, amma kada a ɗora musu nauyin da ba za su iya ba.

A nan wani zai ce shi ba zai taɓa kare ba, kuma wannan ƙyama ce ke sa a tsaya daga nesa a watsa masa guba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, kuma an halatta ajiye shi don farauta da tsaron shuka da dabbobi. Labarin wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi ruwa sananne ne a wurin kowane ɗalibi. Wanda ya ɗauki dabba aiki, kula da lafiyarta yana wuyansa. Mai jin ƙyanƙyami ya sa safar hannu, ya wanke hannunsa bayan ya gama.

Sai babban aikin, wato ƙasa. A ware wa kare wurin kwana guda, busasshe, nesa da randa da turke, a shimfiɗa masa buhu ko tsohuwar tabarma da za a iya ɗagawa. Duk bayan 'yan kwanaki a kakkaɓe shimfiɗar a baje ta a tsakiyar rana, ko a zuba mata tafasasshen ruwa. A share wurin har cikin lungu, sharar kuma a ƙone ta da lura ko a kai ta nesa, kada a tara ta a jikin danga. Takin turke ba asararsa za a yi ba, kwashe shi za a riƙa yi a kai a kai, a tara a wajen gida ko a bakin gona inda rana da zafin ruɓewa za su yi aiki a kansa, a bar turken ya sha iska. Idan ƙuma ya riga ya yi yawa har sai an yi feshi, malamin dabbobi ne zai zaɓi maganin ya auna, a fitar da dabbobi da yara da abinci, a rufe ruwan sha, a sake yi bayan mako biyu. Awaki da kaji kuma a yi musu nasu maganin a lokaci ɗaya, amma ba da na kare ba, don su abinci ne. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai bayan an gano an yi amfani da fipronil a gidajen kaji a Holan da Beljiyam.

Ko an yi duk wannan, karen ƙauye ba ya zama a gida ɗaya. Da dare yana zagaya unguwa, ya kwanta inda na maƙwabci ya tashi. Karnukan farauta suna cuɗanya da na wasu garuruwa a mota da a dawa, suna tura kai cikin ramin gafiya da kurege, su dawo da abin da suka kwaso. Abin da ya fi dacewa shi ne unguwa ta tsayar da mako guda, mai unguwa da sarkin baka su yi magana, kowa ya yi nasa a tare. Akwai malaman dabbobi a ƙananan hukumomi, akwai ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, kuma akwai lokacin da dama ake tara karnuka, wato na allurar rigakafin haukan kare, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom take yi a cikin gida, ake kuma tunawa da cutar kowace 28 ga Satumba. Duk wanda ya kawo karensa allura ya kamata a buɗa gashin karen a gabansa, a nuna masa baƙin garin, a gaya masa abin da zai saya da lambar NAFDAC da ranar lalacewar da zai duba a jikin kwali.

Lokacin farawa kuwa watan Afrilu ne zuwa Mayu, sa'ad da ake kwashe taki zuwa gona kuma zafi ya rage ƙuma zuwa 'yan tsirarun wurare masu danshi. A lokacin turke yana buɗe, rana tana da ƙarfi, kuma maganin wata uku da aka fara zai kai karen tsakiyar damina. Wanda ya fara a watan Agusta zai ci gaba da ganin ƙuma na makonni bayan ya sa magani, don na ƙasa suna ta fitowa, kuma bai kamata ya ɗauki wannan a matsayin dalilin ƙara yawan magani ko komawa ga fiya-fiya ba.